Nomau Mahauci da Motar Gawayi

Nomau mutumin ƙasar Madawa ne, ɗan mahauta, jikan mahauta. Shanu ya biyo zuwa Abidjan, na wani falke da ya ɗauke shi kora. Ya taka da su a ƙasa har Bobo, daga nan aka loda su a jirgin ƙasa, shi kuma ya zauna a tsakaninsu yana tayar da duk wadda ta kwanta don kada 'yan'uwanta su tattake ta. A lokacin ba a daɗe da Nasara suka mai da Abidjan babban birninsu ba. Da aka sayar da shanun, abokan tafiyarsa suka sari goro suka juya arewa, shi ya tsaya.

Sarkin fawan Adjamé, wani dattijo da ake ce wa Gajere, ya san mahaifinsa, don haka ya ba shi ɗaki ya kuma ba shi aiki. Aikin kuwa dakon nama ne. A Adjamé ake yanka, amma masu sayen da yawa suna Treichville, hayin ruwa: masu tsire, da matan da ke dafa wa leburori abinci. Tsakanin unguwannin biyu akwai Filato, unguwar Nasara, inda baƙar fata ke wucewa da sauri ba ya tsayawa kallo. Bayan Filato sai gada, wadda ke kwance bisa ruwa tana lilo, jirgin ƙasa da mota da masu ƙafa duk a kanta suke bi.

Da ka Nomau ya fara ɗauka. Kafin ya isa rana ta ɗaga, nama ya sha zafi, ƙudaje sun yi masa rakiya, matan nan kuma sun gaji da jira sun sayi kifi. Wannan ne ya sa da ya ji wani akawu mutumin Sanagal zai koma gida yana neman mai sayen kekensa, bai yi shawara da kowa ba sai da matarsa Hajo, wadda ya aika aka kawo masa daga gida. Hajo ba ta so ba. Ta ce abin da ba ya iya tsayuwa da kansa sai an jingina shi da bango, ita ba ta ga yadda zai ɗauki mutum da cinyar saniya ba. Duk da haka ya saya.

Koyon ya ba shi wuya, don ya riga ya girma. Ya faɗi a gaban masu wanki, ya faɗi a gaban masallaci, ya yaga wando biyu. Kalla, mai gyaran keke a bakin kasuwa, shi ya ƙera masa kariyar ɗora kaya mai faɗi ta baya, ya ɗaura masa akwatin katako da aka shimfiɗe da ganye. Shi ne kuma ya gaya masa dokar hanya kamar yadda ya fahimce ta: idan ka ji mota, kauce, idan ta Nasara ce, sauka, idan gardi, wato ɗan sanda, ya tsai da kai, nuna masa lambar harajin da ke jikin keken, kada ka ƙara magana.

Da ya iya, sai ciniki ya buɗe. Yana isa Treichville nama bai huce ba, mai tsire ya zaɓi abin da yake so, mata su yi rubdugu a kan kayan ciki. Amma hankalinsa bai taɓa kwanciya a hanya ba. Kullum idan ya gangaro Filato kunnensa na baya. Direbobin manyan motoci ba su ɗauki mai keke a bakin komai ba, su danna ham sau ɗaya, sun gama nasu. Ya taɓa ganin wani tela da aka bangaje cikin lambatu, motar ko tsayawa ba ta yi ba, gardin da ke wurin kuma telan ya hau da faɗa. Tun daga ranar Nomau ya ƙara addu'o'in da yake yi kafin ya ɗora ƙafa a feda. Hajo kuwa ba ta iya cin abin kirki sai ta ji ƙararrawarsa a ƙofar gida.

Sai yaƙin Nasara ya zo. Jiragen ruwa suka daina zuwa, man fetur ya yi wuya, ƙananan motocin Filato da yawa aka ɗora su bisa duwatsu aka rufe da tamfol. Na ɗan lokaci hanya ta zama ta masu keke, Nomau har yakan yi waƙa a gangaren. Daɗin bai daɗe ba, don taya ita ma ta ɓace daga kanti. Kalla ya yi wa tayoyinsa faci har ba a gane asalin robar. Da abin ya ƙi, suka cusa musu tsumma da gashin kwakwa, suka naɗe da igiyar fata. Robar burki ta cinye, aka yanko dunduniyar tsohon takalmi aka sa. Keken ya yi nauyi, ya rage gudu, idan kuma ruwa ya jiƙa ƙafafun sai ka matse burki ya wuce da kai kamar ba ka taɓa shi ba.

A lokacin ne manyan motoci suka koma cin gawayi. Ana liƙa musu wani murhu kamar ganga a gefe, a hura shi tun asuba, motar ta tafi da hayaƙinsa. Ba ta da ƙarfi, kuma idan ta mutu a hanya tayar da ita aiki ne, shi ya sa direbanta ba ya son taka burki ko kaɗan. Masu keke suka fi tsoronsu a kan na da.

Wata safiya da damina, an kwana ana yayyafi, Nomau ya hau gada da nama cike da akwati. Katakon gadar ya yi santsi. Yana tsakiya sai ya ji ham a bayansa, kusa ƙwarai. Ya duba gefe guda, mata ne jere da kwandunan rogo a ka, bayansu ruwa. Ya duba ɗaya gefen, ƙarfen dogo. Ya matse burki don ya sauka, keken bai saurare shi ba, ƙafar baya ta zame. Abin da ya iya tunawa daga nan shi ne zafin murhun da ya wuce dab da fuskarsa, da ƙarar da ƙafarsa ta yi a ƙarƙashin keken. Nama ya watse, rabi ya faɗa ruwa.

Motar ta tsaya can gaba. Direban da ya sauko yana salati, Nomau ya san shi. Inusa ne, mutumin Dogon Dutsi, mai tuƙa wa wani kamfanin katako, suna haɗuwa a sahu ranar Juma'a. Shi ya ɗauko shi a kafaɗa ya kai shi bakin gada. Ana cikin haka gardi ya iso, ya ja abin da ya rage na keken ya tafi da shi, ya ce idan mai shi ya iya tashi komisar, babban 'yan sanda, zai neme su duka biyun, shi da direban.

Maɗori ya ɗora ƙashin, ya ce zai kama. Ciwon bai dami Nomau kamar jiran ba. Yana kwance bisa tabarma, duk takun da ya ji a waje sai ya ɗauka gardi ne. Masu zuwa dubiya kowa da labarinsa. Wani ya ce wanda aka samu da laifin tare hanya kulle shi ake yi ba tare da shari'a ba. Wani ya ce a'a, aikin dole ake tura mutum, gonar wani Nasara ko saran daji, kuma ba kowa ke dawowa da lafiyarsa ba. Nomau ya riƙa duban Hajo, ga cikin da take ɗauke da shi ya fara nauyi, ga shi ba ta da kowa a garin sai shi. Abinci ya daina shiga.

Ana nan sai ga Sarkin fawa Gajere da rana tsaka, Inusa na biye da shi riƙe da ƙullin goro. Bayan gaisuwa Inusa ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Maigidansa Nasara ya riga ya gaya wa komisar cewa mai keken ne ya faɗi da kansa, motar ba ta taɓa shi ba. Idan Nomau ya ce an buge shi, za a karɓe takardar tuƙin Inusa, ranar da aka karɓe ta kuwa ba abin da zai hana a ɗauke shi soja ko aikin dole. Yana da mata, da 'ya'ya, da tsohuwa a gida. 

“Yaya Nomau, ban taka burki da wuri ba, Allah ya sani,” in ji shi. “Na ji tsoron ta mutu mini a kan gada jirgi na tafe. Amma in ka faɗa, na ƙare.”

Nomau ya ce, “In ban faɗa ba kuma, ni wa zai tsaya mini?”

 Gajere ya ce shi dai abin da ya sani, 'yan ƙasa ɗaya ba sa jan juna gaban Nasara, don duk wanda ya ci, su biyun ne suka faɗi. Ya ce ba zai sa shi ƙarya ba, amma abin da ba a tambaye shi ba kada ya ɗauko. Da suka tafi, Hajo ta fito daga bayan labule idonta jawur. Ta ce, “Maigida, kowa ya zo da tsoronsa ya ajiye maka, naka fa wa ka ba?” Ta kwashe goron ta kai wa maƙwabta, ba ta bar ko ɗaya a ɗakin ba.

Ranar da aka kira su, rundawa biyu ne suka tallabe shi har ofishin. Suka zauna a baranda tun hantsi har azahar ta gota, shi a wannan gefe, Inusa a wancan, ba mai duban wani. Har aka shigar da su Nomau bai yanke abin da zai ce ba. 

Komisar bai ɗago kai sosai ba. Ta bakin tafinta ya tambaya ko ya ji ham. Nomau ya ce ya ji. Aka ce, to me ya hana shi kaucewa?

“Ranka ya daɗe, mata ne da ruwa a hannu guda, dogo a ɗayan. Ina zan kauce?”

Tafinta ya mayar da maganar cikin kalmomi kaɗan, waɗanda Nomau ya tabbata ba su kai abin da ya faɗa ba. Ya jira a tambaye shi ko motar ta taɓa shi, shi kansa bai san amsar da za ta fito ba. Ba a tambaya ba. Komisar ya ce hanya an yi ta ne don mota, mai keke da ya ji ham bai ba da wuri ba shi ya ja wa kansa. Ya ce da kulle shi zai yi, amma karayar ta ishe shi. Ya miƙa wa Inusa takardarsa, ya sa a fito wa Nomau da kekensa daga bayan ofis.

A waje Inusa ya matso zai yi magana, Nomau ya ce masa ya je, Allah ya kiyaye gaba. Bai ji haushinsa kamar yadda ya zata ba, amma bai iya haɗa ido da shi ba. Ba a jima ba kamfanin ya mai da Inusa daji wajen Agboville, sai dai gaisuwarsa da ke zuwa jefi-jefi a bakin masu jirgi.

Ƙafar ta kama, amma ta ɗan gajarce. Kalla ya miƙe ƙarfen keken da guduma, ya samo ƙafar gaba daga wani keken da ya mutu. Nomau ya koma hanya bayan sunan 'yarsa Tsahara, domin ba shi da wata sana'ar. Sai dai bai ƙara hawa a kan gada ba, turawa yake yi har ya ƙetare. Ko a Filato, da ya ji ƙugin inji, komai nisansa, sai ya diro ya tsaya a gefe, wani lokaci ma ashe injin niƙa ne. Nama ya koma isa a makare, wasu masu tsiren suka sauya mai kawo musu.

Da yaƙi ya ƙare fetur ya dawo, motoci suka cika gari fiye da da, aka kuma soke aikin dole. Masu keke suka yi yawa, sababbin tayoyi suka shigo kanti, amma Nomau ya riga ya gaji da kwana da fargabar safiya. Ya je ya durƙusa gaban Gajere ya roƙi a sallame shi daga dako. Dattijon ya sama masa tebur a kasuwar Treichville, Nomau ya kwashe iyalinsa suka kama ɗaki a can, wasu suka riƙa kawo masa naman. Keken ya sayar wa wani mai tallan yadi, Mati, wanda ya yi shekaru yana yawo da shi unguwa-unguwa. Nomau ya tsufa a bakin teburin nan, mutum mai sanyin magana da ɗingishi, mata na son sayayya wurinsa don ba ya cusa musu ƙashi. Tsahara ce ta gaji wayon cinikinsa, ita ce daga baya ta buɗe rumfar abinci kusa da shi, naman miyarta kuma daga teburinsa yake fitowa.