Inna Hajjo da Hoton Jikarta

A layinmu na Kwararafa babu wanda bai san Inna Hajjo mai masa ba. A Bukuru aka haife ta, kusa da kasuwar shanu, aure ya kawo ta cikin Jos. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Abdulmalik. Da tandar masa ta riƙe karatunsa har ya samu tafiya Malesiya, da alkawarin yana gamawa zai dawo. Ya gama, ya samu aiki, ya yi aure a can, aka haifa masa 'ya, Fatimatuzzahra. Inna ba ta taɓa ganin yarinyar ba, sai dai kukanta a waya, shi ma a tsinke.

Ni maƙwabciyarta ce, ina buga takardu a wani shago a kasuwar Taminus, don haka a wurin Inna ni injiniya ce. Da Abdulmalik ya aiko da firinta a daminar 2007, ni aka kira na jona ta da tsohuwar kwamfutarsa. Shi ya turo hoto ta imel, ni in kwaso a shagon intanet in buga mata.

Hoton farko da safe na sa shi ina sauri, na bar shi yana fitowa na wuce aiki. Da yamma ta tare ni a ƙofa.

"Sumayya, riga na gani, kujera na gani. Ina fuskar?"

Gaskiyarta. Komai ya fito fes, fuskar kuwa ta caɓe kamar an goga mata tsumma. Na duba saiti, na tarar firintar na kan takardar rubutu alhali mai sheƙi muka sa. Na gyara ina cika baki. Washegari haka. Na ce ko kifa takardar na yi, na duba, daidai take. Na je na wanke Livinus mai sayar da takarda tas, bawan Allah ya yi ta rantsuwa kayansa masu kyau ne, ya ce sanyin Agusta ne ke hana tawada bushewa da wuri. Haushi ya ishe ni. Wane irin sanyi ne wannan da fuska kaɗai ya sani?

Ranar Asabar ba aiki, na zauna sai na ga ƙarshen abin. Hoto ya fito, kumatu ɓul-ɓul, goshin Abdulmalik sak. Kafin in miƙa hannu Inna ta ɗauke shi da hannu biyu, ta runtse ido. Ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa, ta shafa daga goshi zuwa haɓa, yadda take yi wa kowane yaro na layin idan ya kwana da zazzaɓi. Sai da ta gama sannan ta laluba tabaranta.

"Inna, ashe ke ce."

"Ni ce me? Yarinya ta shigo gidan kakanta, a bar ta ba addu'a?"

Na yi mata bayani: tawadar ɗanya take fitowa, a bar hoto ya kwana ba a taɓa ba, tofi kuma ko ya bushe ɓata shi zai yi. Ta buɗe tafin hannunta tana kallo. Dama kullum da baƙin tanda yake, shi ya sa ba ta taɓa lura ba. Tausayinta ya kama ni.

"Uwarta ba ta san tofinmu ba," in ji ta a hankali. "Wa zai yi mata a can?"

Ta goge hannun a zaninta.

"Buga biyu. Ɗaya ki ɗora saman kwaba inda hannuna ba ya kaiwa, in riƙa kallo. Ɗayan kuma ki miƙo min shi da ɗuminsa."