Sojan da Aka Sa wa Suna

Na san Muntaka shekara talatin da ɗaya. Yana wasa wa mahauta wuƙaƙe a bakin mayankar unguwar Farcha, da dutse ɗaya da gwangwanin ruwa. Ni kaɗai na san ya taɓa sa kaki, don ni na rubuta masa takardar neman sallama da Faransanci, da irin rubutun da fada-fadan mishan suka koya mana da bulala. Ya roƙe ni kada 'yarsa Bahijja ta ji. Ita kaɗai ta rage masa, kuma tana ganin girmansa ƙwarai.

Bahijja malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a unguwar Habbena. Wata Asabar da la'asar ta kawo mini tatsuniyar da ta rubuta wa ɗalibanta in gyara. Mahaifinta na zaune, muna shan shayi. Labarin wani azzalumin sarki ne mai sojoji dubu masu hular ƙarfe. A ƙarshe kogi ya tashi ya cinye su duka.

Muntaka ya ce, "Sojojin nan ba su da sunaye?"

Ta yi dariya. "Haba Abba, wanda ya tsare wa azzalumi ƙofa ai bai cancanci suna ba."

Na taka masa ƙafa. Ya janye ta.

Ya ce, "Ni na tsare. Shekara huɗu."

Ya ba ta labarin yana kallon kofinsa. A shekarun tamanin aka kwashe shi da ƙanensa Junaid daga kasuwar shanu, aka sa su aikin soja. Kwamandansu yana da tsari: ba ya ɗaukar mutum ɗaya daga gida, sai biyu, ya raba su. Wanda ya gudu, ɗan'uwansa za a harbe. Aka tura Junaid arewa. Muntaka aka ba shi ƙofar wani gida marar taga. Abin da ake shiga da shi yana gani, abin da ake yi a ciki yana ji.

Bahijja ta kama hannunsa. "To ai dole aka yi maka, Abba. Don Baffa Junaid ka zauna."

Da ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma Muntaka bai iya barin wuƙa da rabin kaifi ba.

Ya ce, "Junaid zazzaɓi ya kashe shi a shekara ta uku. An gaya mini. Na ƙara wata goma sha huɗu a ƙofar."

"Don me?"

"Ana ba da shinkafa ran Alhamis. Kuma na saba da tsayuwar."

Ta saki hannun a hankali, ta ɗauki littafinta, ta ce mini, "Baffa, sai wani jiƙon."

Ba ta daina kai masa abinci ba, amma ba ta ƙara zama su ci tare ba. Ya rasu bara da damina.

Bayan sadakar arba'in ta dawo mini da tatsuniyar. Na karanta ta sau biyu da jan biro a hannu. Wuri ɗaya ta canza. Soja guda ya samu suna, da ƙane, da dutsen washi a aljihu. Kogin ya tafi da shi tare da sauran.