Teburin Kawu Bawa Reluwe

Duk wanda ya san Kawu Bawa a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ya san ƙwallon boris ɗin nan da ba ya rabuwa da aljihunsa, ɗan ƙarfe mulmulalle da bai kai goro ba. Da ya ga tebur sai ya zaro shi ya ɗora. In ya gangara, sai ya girgiza kai ya ce, "Bai zamna ba." Teburin mai shayi bai tsira ba, na ofishin fansho ma haka. Ni kuwa ɗan ƙanwarsa, kafinta mai shagon kansa a Nasarawa, na fi kowa shan wannan kalma.

Gyaran layin dogo ya yi a Gusau da Ƙaura Namoda har ya tsufa. Da ya dawo gida ya zo da wani akwati, kyautar wani Bature injiniya: jirgin ƙasa na wasa mai makullin da ake wanawa, da taragu huɗu da 'yan layukansa. Shekarar da aka ba mu jiha ya kira ni ya ce, "Ummaru, tunda an ba mu jaha, jirgi na nan tahe. Mu za mu riga gwamnati. Tebur za ka yi muna, Birnin Kabi har Argungu." Ya kuma rantse jirgin ba zai fito daga akwati ba sai tebur ya zauna. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, amma na ɗauka aikin mako biyu ne.

Wai Baturen ya gaya masa a ƙasarsu ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake sa irin wannan abu. Sai Kawu ya sa aka kwashe albasar matarsa Inna Kulu daga ɗakin ajiya, aka haƙe daɓen har gwiwa. Na ce, "Kawu, damina fa?"

"Kai da Bature wa ya hi sanin jirgi?"

Ruwan Agusta na farko, muka wayi gari tebur yana yawo a ɗaki, kwaɗi biyu suna zaune daidai inda ya rubuta Argungu da alli. Inna Kulu ta leƙo ta ce, "To madalla, Malam. Gulbi ya iso, saura mu kira masunta." Kawu ko gezau. Ya dubi ruwan ya ce, "Dibi yadda ruwa ka kwanciya, Ummaru. Haka nika son teburin ga."

Katakon ya kumbura, muka koma farko. Wannan karon ya ce ba ya son katakon kasuwa, ɗanye ne, zai karkace. Tsohon kwalekwale yake so, wanda ya gama duk karkacewar da zai yi a duniya. Muka tafi Argungu, ya bi masunta gida gida har ya samu wani fasasshe a bayan danga. Muka ɗora a a-kori-kura, ya ƙi shiga gaba, ya zauna cikin kwalekwalen da lemarsa har Birnin Kebbi, jama'a na ta ɗaga masa hannu yana amsawa. Katako kam ƙarfe ne, ya cinye mini zarto biyu. Sai dai ƙarni! Wata guda duk kyanwar da ke Badariya a ɗakin nan take wuni. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Bar su. Ko Ƙaura fasinja ka riga jirgi zuwa tasha."

Ƙusa kuwa bai taɓa yarda da sabuwa ba. Tsofaffi yake tsintowa ya miƙar a kan dutse, ya jera a gwangwanin madara. Ranar da na saci jiki na buga sababbi guda shida, ya shafa da yatsa ya gane. Sai da na zare su duka, yana tsaye a kaina yana cewa, "Wagga ba ta taɓa aiki ba, ka san halinta?"

Wallahi na yi fushi ba sau ɗaya ba. Sau uku muna kwance teburin nan. Na ɗaga wannan ƙafa, na fere waccan, na tsoma su a gwangwanin baƙin mai don gara, ƙwallo dai sai ya gangara Argungu. Shekara huɗu! Idonsa na biyu kuma ya bi na farko, har ya zama sai da sanda yake saukowa ɗakin. Inna Kulu ta tare ni a zaure ta ce, "Ummaru, don Allah ka ce mishi ya zamna. Ba shi gani. Ka bari shi ji kukan jirgin nan nai tun da ransa."

Na so in yi ƙaryar. Da muka sauka ya ɗora ƙwallon, na riga na buɗe baki, sai ya ɗaga hannu. Ashe kunne ya kasa. "Ina jin shi, yana tahiya," in ji shi. Kunya ta kama ni, na rufe shagona kwana tara, na zauna da teburin nan ni da randar goge katako da 'yan ɓallin katako.

Ran na goma da hantsi na jawo shi. Ya ɗora ƙwallon a Birnin Kebbi, ya saurara. Ya ɗora a tsakiya. Ya lallaba ya ɗora a Argungu, ya daɗe da kunnensa a kan katako. Sannan ya miƙe ya ce, "Kulu, kawo akwati."

Shi ya wana makullin da hannunsa. Jirgi ya tashi ƙyar-ƙyar-ƙyar, ya zaga ya dawo, ya sake zagawa, Inna Kulu na guɗa. Kawu ya dafa tafinsa a gefen tebur yana jin wucewarsa, hawaye na bin gemunsa. Bai ga komai ba, amma duk inda jirgin ya kai sai ya faɗi sunan tashar. Da wanin ya ƙare ya lalubo hannuna ya danƙa mini ƙwallon. "Ya zamna," ya ce. Iyakar yabon da na taɓa samu daga bakinsa ke nan, kuma ya ishe ni.

Bai kai wata damina ba. Jirgin gwamnati har yau muna jira, amma a garin nan in ana son teburin da ba ya rawa, shagona ake zuwa, kuma na san wanda ya koya mini. Ƙwallon na aljihuna yanzu haka. Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa, ya haskaka masa kabarinsa, ya buɗe masa idanun nan a Aljanna. Amin.