Kakar da Kaldibai Bai Ƙirga Ba

Yayana Kaldibai ya fi kowa sanin asali a ƙauyenmu na gefen Kizilorda. Tun yana ƙarami, in baƙi suka zo, Babanmu kan tsayar da shi tsakar ɗaki ya jero kakanninmu bakwai, wane ɗan wane, ko numfashi ba ya ja. Ni ina gefe ina zuba shayi, takaici na cina. Bakwai ɗin nan duk maza ne, sai ka ce ƙasa ce ta tsage ta haifo su.

Da ya girma ya zama direban babbar mota, yana jigilar shinkafa. Kakannin da yake taƙama da su a bayan doki suke wuni cikin sanyi. Shi a kujera yake wuni, amma irin cinsu yake yi: naman doki, kitsen jelar tunkiya, shayi da madara ya sha sukari har cokali ya tsaya. Tumbi ya yi gaba, mutane suna cewa arziki ne ya zauna.

Mahaifiyarmu, Apa Zibagul, ciwon sukari ne ya yi ajalinta, kuma ni na yi ta wanke mata gyambon ƙafa har ta cika. Uwarta ma haka ta tafi, makauniya, kullum ƙishirwa. Kaldibai yana kan hanya duk tsawon jinyar. Ya dai zo ya yanka doki ranar sadaka, aka yi ta yabonsa.

Shi ya sa da na ga ya fara ɗirkar ruwa yana zaryar fitsari, na ja shi asibiti da ƙyar. Likita ta tambaya ko akwai mai sukari a danginsa. Sai ya gyara zama ya jero mata bakwai ɗinsa, ya ce ko ɗaya bai taɓa kwanciya ciwo ba.

Na ce, "Yaya, Apa fa?"

"Rufe mana baki. Apa 'yar wata zuriya ce, aure ya kawo ta. Ke ma ai ta gidan wasu ce yanzu."

Matar da ta ɗauki cikinsa, wai aure ya kawo ta. Likita ta gwada jininsa, ta ce sukari ya hau sosai, kuma wannan gado ba ya tambayar ta uwa ce ko ta uba. Ta ba shi magani, ta ce ya rage kitse da zaƙi. Maganin a aljihun mota ya tsufa. In na yi magana ya ce jininsa na ubansa ne, wai ni dai baƙin ciki nake da ƙibarsa.

Wani hunturu takalmi ya ji masa ciwo a yatsa, bai ma ji ba. Ranar da na je gidansa, tun daga ƙofa na gane warin, warin ɗakin Apa ne. Na yi faɗa, na yi kuka, na roƙe shi ya ceci ƙafar nan. Ya ce mace ba za ta koya masa zama ba, ya shafa man tunkiya ya ɗaure da tsumma. Kafin ƙanƙara ta narke an yanke ƙafar daga gwiwa. Dangi suka zo dubiya da kwanukan nama suna cewa kambun baka ne, ni kuwa kamar in watsa musu romon.

Bara 'yarsa Marjan ta sami ciki. A wajen awo aka ga sukarinta ya ɗan hau, aka ce ta tambayo tarihin gidansu. Ta zo ta same mu, shi yana kan keken guragu. Ya buɗe baki zai fara karatun nasa, sai ya dubi inda ƙafarsa take a da.

Ya ce mata, "Ki ce kakarki Zibagul. Da uwarta..."

Ya tsaya. Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, yaya ma sunan uwar Apa?"

Matar nan ita ta goya shi har ya yi tafiya. Na ce masa sunanta Kulaisha, amma sai da na bari ya jira.