Yaran da Baba Ya Ƙi Turawa Lambu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da mahaifina, Malam Garba, daga zaurenmu na Fagge zuwa makwancinsa. Allah ya jiƙansa. Ya rasu soja na kan mulki, bai ga wannan zamani da farar hula suka dawo, fastocinsu suka lulluɓe bangon makarantu ba.

Ni ce 'yarsa da ta tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, ina hayarsu a wajen masu sayar da littattafai na Bata a nan Kano. Shi ya sa duk lokacin da ya ɗauko labarin tafiyarsa koyon malanta a zamanin Turawa, sai in hango shi kamar tauraron littafi: saurayi da akwatin ƙarfe a tashar jirgin ƙasa, zuciyarsa cike da bege, wata kyakkyawa tana share hawaye da gefen mayafi. Da na faɗa masa sai ya tuntsire da dariya.

"Uwata, ke dai da mafarki! Ba wadda ta yi mini kuka. Ƙuli-ƙuli ne kaɗai ya raka ni."

A makarantar horon, in ji shi, masu koyarwa ba su da yawa, littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki guda, kuma tun ba ka nuna ba za a tsinko ka a danƙa maka aji. Abin da aka fi gogar da su a kai shi ne tarbar mai duba makarantu. Ranar da Bature zai zo, sai a jera yara masu ƙoƙari a gaba da amsoshin da suka haddace, waɗanda karatu bai zauna musu ba kuma a tura su ban ruwa a lambun makaranta har baƙo ya tafi. Amininsa na Sabon Gari, Mista Okoro, wanda 'yan mishan suka horar, yakan zo hira zaurenmu da yamma. Ya taɓa cewa, "Malam, ku lambu kuke tura su? Mu waƙar coci muke sa su. Ai shi ya sa unguwarmu ta cika da mawaƙa!"

Baba ya ƙi wannan ɗabi'a tun ajinsa na farko. Yaron da ya fi kowa rauni shi ke zama a gabansa, da baƙo ko ba baƙo. Yakan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarin girma ya yi ta tsallake shi, waɗanda ya koyar suka zama shugabanninsa, ya yi ritaya da keken da ya fara aiki da shi.

Turawa sun daɗe da tafiya, amma abin da suka shuka bai bi su ba. Waɗanda aka horar a haka su suka horar da na bayansu, har aka zo kanmu, don ni ma alli nake riƙewa a wata firamare a nan Fagge. Lokacin da nake gwajin koyarwa, shawarar farko da aka raɗa mini ita ce in gane yaran da zan riƙa nunawa in mai dubawa ya shigo.

A watan jiya aka ce wani sabon zaɓaɓɓe zai ziyarce mu. Hedimasta ya aro bencina daga wata makaranta a Sabon Gari, ya kira ni gefe.

"Malama, waɗannan yaran naki da ke baya a karatu, a ba su tsintsiya su nufi bayan ofis."

"Ranka ya daɗe, ai don su aka gina ajin."

"To, akwai makarantun ƙauye da ke neman malamai. Ki yi tunanin Inna."

Na yi tunaninta kuwa. Mahaifiyar tawa ta tsufa, ni ke kwana da ita, in aka mayar da ni nesa ban san wanda zai riƙa shafa mata man zafi a gwiwa ba. Na tambayi kaina abin da Baba zai ce. Ina jin zai yi murnar dawowar mulkin da talaka ke zaɓa, sannan ya tambaya: yaya wanda ka zaɓa zai gyara abin da ka ɓoye masa?

Ranar ziyara na zaunar da su a gaba. Baƙon ya nuna Saude, 'yar wani ɗan dako a kasuwar Kantin Kwari, ya ce ta karanta allo. Ta karanta baƙi biyu ta tsaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, irinta sun fi rabin ajin nan, kuma ni kaɗai ce a kansu." Ya daɗe yana kallon yaran kafin ya fita.

Har yau hedimasta da ƙyar yake amsa gaisuwata, kuma ban san ko zan ƙarasa zangon nan a Fagge ba. Na faɗa wa Inna komai. Ta ce, "In an tura ki, ki nema mana ɗaki mai inuwa. Na bi ubanki ƙauyuka, ba zan kasa bin ki ba."

Baba bai bar gida na biyu ba, ba a kuma raɗa wa wata makaranta sunansa ba. Abin da ya bari shi ne sanin inda ya kamata yaro mai rauni ya zauna. Saude tana nan a bencin gaba, jiya ta haɗa sunanta da kanta. Muddin ina ajin nan, ba mai tashinta.