Tsinken Ashana a Hoton Farko

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, mai wannan shafi, wadda masu sayayya suka laƙaba wa Ga-Aibi. Ta rasu a gadon asibiti bayan jinyar mako biyar. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku da mahaifiyarmu, da ni ƙanwarta da na shekara shida ina ɗaukar mata hotunan kaya. Yau kwana tara ke nan.

A shafin da take sayar da kayan gwanjo nake rubuta wannan, don haka zan bi tsarinta in fara da aibi. Cikin makonnin da take kwance an sayar da keken guragu daga nan. Keken ya karye da wani tsoho a kansa, yanzu haka yana asibiti da karaya a ƙugu. 'Yarsa da ta saya masa ta ɗauka Yaya ce ta yaudare ta, kuma maganar ta riga ta shiga bakin mutane. Yaya ba ta da hannu a ciki, ni ce na yi. Zan zo kan wannan, amma ku bar ni in yi magana da ita tukuna.

Yaya, kin tuna yadda aka fara? Shekarar da kuka koma ƙaramin gida kayanku suka ƙi shiga, kika ce in zo da wayata in ɗauki hoton fanka da kujeru biyu da dutsen guga. Kafin la'asar duk sun tafi. Washegari maƙwabciya ta kawo injin markaɗenta, kafin wata ya ƙare ɗakin baya ya cika har ƙofa ba ta buɗuwa sai rabi. Kika kafa farin labule a bango kusa da taga, nan ya zama shagonmu, shagon da ba wanda ya san ƙanƙantarsa sai mu biyu. Jiya na shiga. Har yanzu yana ƙanshin sabulu da kafur, tsumman da kike goge kaya yana rataye a ƙusa, ya bushe ƙayau.

Dokarki ɗaya ce, kuma a kanta muka fi yin faɗa. Duk kayan da za a ɗora sai kin juya shi kin birkice shi, har kin gano inda ya ji jiki, tsaga ce ko tsatsa ko faci. Sai ki zaro tsinken ashana ki ajiye a gefen wurin don mai saye ya auna girman aibin da idonsa, ki ce in ɗauka. Wannan shi ne hoton farko, a ƙarƙashinsa kalma biyu, ga aibinsa. Sauran hotunan masu kyau sai su biyo baya. Ni kuwa abin yana ci mini rai. In goge buta har ta yi ƙyalli, in jira hasken taga ya daidaita, in ɗauki hoton da ko sabuwa albarka, ki tura shi na huɗu. Na sha gaya miki ban taɓa ganin inda ake tallar kaya da zaginsa ba. Ko ɗagowa ba kya yi, sai ki ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ciniki kuma ita ce ranar wankan kaya.

Kin ce a kasuwa mutum zai taɓa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina kafin ya biya, amma mai saye ta waya ba shi da hannu kuma ba shi da hanci, idonmu kawai yake ara. A lokacin na ɗauka iyayi ne irin naki. Sai ga shi mutane sun koyi karatun ashanarki. Kayan da ya zo da ita sun san ciwonsa, wanda ya zo babu ita sun san kin duba ba ki sami komai ba, ko tambaya ba sa yi.

Akwai wata fanka da muka rasa inda za mu ajiye mata ashana, don a ido lafiyarta ƙalau, sai an kunna ta ake jin halinta. Kika naɗi ƙararta a waya kika ɗora, kika rubuta cewa tana kuka kamar akuyar da aka ɗaure amma ba ta rowar iska. Mutane suka yi ta dariya a ƙasan hoton, wani tela ya saye ta, ya ce dama kekunansa sun fi ta surutu. Sau nawa kuma kika kori ciniki da bakinki? Wata ɗaliba ta nace sai ƙaramin firjin nan, kika tambaye ta girman ɗakinta da yadda wuta take zuwa musu, kika ce ta haƙura, zai zame mata akwatin ajiye littattafai ne kawai. Na yi ta zungurinki da gwiwar hannu, kika ture ni.

Yawancin kayanmu daga gidajen masu tashi suke zuwa, wasu daga gidajen da aka yi rasuwa. Waɗannan kika fi jimawa a kansu, sai kin laluba kowane aljihu kin zaro kowace durowa. Wata rana a bayan durowar wani teburi kika sami tabarau mai ƙafa ɗaya da takardar da wani yaro ya zana gida da mutum huɗu. Na ce shara ce. Kika shiga mota biyu cikin ruwan sama kika mayar wa matar mamacin. Kika dawo jiƙe sharkaf, abin da kika ce kawai shi ne teburi muka saya, ba mu sayi wannan ba.

Kada in yi miki abin da kika hana, ke ma bari in ajiye miki taki ashanar. Kina da taurin kai, kina da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma ba ki iya cewa sannu da aiki ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Wata takwas kina jin ƙari a cikinki, kina ramewa, kina rage wa rigunanki faɗi da hannunki don kada mu gane. Ke da ba ki bari a ɓoye ɗigon tsatsa a gindin buta, kika ɓoye wa Umma da mijinki da ni abin da yake cin ki, har likita ya ce an makara. Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa. Ina fushi da ke a kan wannan, Yaya, kuma na rasa inda zan kai fushin.

Ranar da aka kwantar da ke, huɗu ga Fabrairu, kika miƙo mini wayar shago da mukullin ɗakin baya. Ba zan fake da cewa hidimar asibiti ce ta matsa mini ba, don mijinki ya tsaya a kan komai. Girman kai ne. Na so ki fito ki tarar ɗakin ya koma fili, in ce miki kin ga hanyata ta fi sauri. Na daina sa ashana. Kaya kuwa suka riƙa tafiya kamar ana kwasa, ni ina ta murna, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Keken guragun yana jingine a bayan ƙofa tun kafin ki kwanta. Ke kika gano tsagar, a ƙarƙashin mazauni, inda ƙarafa biyu suka gicciye. Kin ce ba za a ɗora shi ba ko da ashana goma, sai mai walda ya cire ƙarfen gaba ɗaya ya sa sabo, don wannan kaya ne da mutum zai ɗora ransa a kai. Sai wata malamar makaranta, wadda ta sayi kaya a wurinki har sau huɗu, ta turo saƙo tana neman keke. Mahaifinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, baki ya riƙe, tana son ta riƙa fito da shi tsakar gida ya sha iska. Na ɗauko baƙin fenti na shafe tsagar, na ɗauki hoto daga gaba. Amsarta tana nan a wayar, na karanta ta fiye da sau hamsin.

"Tunda ba ashana, na san lafiyayye ne. A kawo mini."

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin rasuwarki, da yamma, na zo duba ki. Kin rame har zoben hannunki kin mayar da shi babban yatsa, amma kin ari wayar mijinki kina bin shafin hoto bayan hoto. Kika bari ya fita sayo ruwa, sannan kika juyo mini da fuskar wayar.

"Auta, ina ashanar keken nan?"

"An gyara shi, Yaya. Mai walda ya yi aikinsa."

Kika dube ni tsawon lokaci, irin kallon da kike yi wa kaya kafin ki birkice shi. Na san kin gane. Da kina da lafiya da sai an ji mu daga bakin ƙofar asibiti, amma ƙarfin faɗan ya ƙare.

"To, gyara ma ana sa masa ashana. Ki kira matar nan ki gaya mata."

"Zan kira."

Ban kira ba. Na ce gobe, goben kuma jikinki ya rikice, ba ki ƙara gane kowa sosai ba. Maganar hankali ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu ke nan, kin tambaye ni abu ɗaya na yi miki ƙarya biyu. Daga wannan Asabar zuwa ranar da keken ya karye kwana shida ne cif, kuma kiran da ba zai wuce minti ɗaya ba ya isa.

Kwana huɗu da rasuwarki, ina zaune cikin masu gaisuwa, wayar shago ta yi ƙara a jakata. Saƙonnin addu'a sun cika ta, na daina buɗewa, amma wannan hoto ne. Keken ne a kife a kan siminti, ƙarfen ya rabu biyu, waje baƙin fenti ciki jar tsatsa. A gefen inda ya karye, malamar ta ajiye tsinken ashana. Ta rubuta cewa ta ji rasuwar, Allah ya jiƙan ki, amma ga aibin da ba ki nuna mata ba.

Kwana biyu na riƙe wannan a cikina. Zan faɗi gaskiya, na yi tunanin yin shiru. Zuciya ta raya mini cewa wanda ya mutu ba ya musu, kuma mutane ba sa daɗe suna zargin mamaci. Wato in bar ki ki ɗauki kayana ki tafi da shi kabari. Ranar Litinin na kasa, na nemi asibitin da suke na je.

A baranda na gaya wa malamar komai, har da fentin. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Sai ta ce:

"Kwana uku ina ɗora wa baiwar Allah alhakin da ba nata ba. Na Baba tsakaninki da shi ne, ga shi can, ba ya iya magana. Amma na gaya wa mutum fiye da goma cewa yayarki ta cuce ni, su ma sun gaya wa wasu, ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Ki je ki faɗa a inda kika sayar."

Na shiga na durƙusa a gefen gadon tsohon na roƙe shi gafara. Idonsa yana kan rufin ɗaki. Ban sani ba ko ya ji ni, in ma ya ji ba shi da bakin da zai ce ya yafe ko bai yafe ba. Likitoci sun gaya wa 'yarsa da wuya ya ƙara zama a kan kujera. Da na sani ƙeya ce, yanzu na san nauyin maganar nan.

To ga shi na faɗa a inda na sayar. Duk wanda ya sayi kaya a shafin nan daga huɗu ga Fabrairu, ya koma ya duba hoton farko. Idan babu ashana, ba lafiyar kayan ba ce, hannuna ne. Ya dawo da shi in nuna masa abin da na ɓoye. Wanda kuma ya ji an ce Ga-Aibi ta cuci wani, don Allah ya kai wannan rubutu inda ya jiyo maganar. Shekara shida ta yi tana gina sunanta da tsinke ɗaya-ɗaya, kuma shi ne babban abin da ta bar wa 'ya'yanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, wanda a nan zai fara jin labarin keken, ga 'ya'yanta uku, ga Umma da ta binne babbar 'yarta, da duk wanda ya taɓa sayen ko da kofi ne a hannunta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Allah ya ba tsohon nan sauƙi, ya sa wahalarsa ta zame masa kaffara, ni kuma ku sa ni a addu'a.

Ya Allah, baiwarka ta zo gare ka. Ta ƙare rayuwarta tana tona aibin kaya don kada a cuci bayinka. Ka jiƙan ta, ka haskaka kabarinta, ka suturta mata nata aibin ranar da za a birkice kowa a duba. Amin.