'Yar Mai Tifa

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, a kakar shekarar da na shiga aji uku, ina tsaye bakin titi da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, na ga an jawo babana daga cikin tifa. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, birnin Kano sai gine-gine ake yi, kowa yashi yake nema, shi ya sa Baba ya bar gonarmu ta Utai ya koyi tuƙi, muka dawo gidan haya a Sabon Garin Wudil, yana jigilar yashin kogi. A ranar birki ya ƙi ci a gangaren gada, motar ta bi ta kan wani yaro mai suna Sani da ke jan akuya. Ban ga yaron ba, sanduna na gani. Masu shanu da gorarsu, mahauta, 'yan dako, har da waɗanda kullum suke gaisawa da Baba, duk suka rufar masa. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, na ji ƙarar karyewar ƙashin daga inda nake. Na yar da farantin na kutsa ina kiransa, wani ya hankaɗe ni na faɗa kwata. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi, idonsa na hagu ya tsiyaye. Daga asibiti gidan yari aka wuce da shi.

Tun daga nan sunana ya ɓata. Ba mai ce mini Binta, sai 'yar mai tifa. Ina ɗebo ruwa a rijiya, ina taya Inna surfe, ina tsince tsakuwa a shinkafa kamar da, amma in na je dandali ana 'yar gala-gala ko carafke, sai yara su tattara duwatsunsu su koma wani wuri. Gyaɗar da nake sayarwa kafin la'asar ta koma ina dawowa da ita ta yi yauƙi. A makaranta kuwa akwai Sahura, yayar Sani, 'yar aji biyar. Duk aka tashi tara sai ta tare ni a bayan aji ƙarƙashin dalbejiya, ƙawayenta su danne ni, ta zane mini baya da tsumagiya, sannan ta damƙo ƙasa ta cusa mini a baki tana cewa, "Ci yashin ubanki." Ban taɓa kai ƙara ba. A raina gani nake haƙƙinta take karɓa.

Wadda ta fara ganin bayana ita ce Maman Rahila, Kirista ce, ɗakinta na kallon namu, mijinta yana aiki da masu gyaran hanya. Ta zaunar da ni a kan turmi, ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Ina cije baki na tambaye ta, "Mama, laifin uba yana bin 'ya?" Ta ce, "A cocinmu an koya mana kowa da zunubi ake haihuwarsa, tun daga Adamu muka gado shi. In haka ne, Binta, ai ba ke kaɗai ba ce. Ita ma mai dukan naki da nata ta zo." Inna tana murhu tana ji, ta ce, "Mu kuwa an karantar da mu jariri fari tas yake zuwa, ba mai ɗaukar nauyin wani." Ba su yi gardama ba. Inna ta riƙe mini kafaɗa, Maman Rahila ta shafa magani. Ni dai rabin maganar na ɗauka, cewa da abin aka haife ni.

Bayan girbin dawa, wata rana Sahura ta ce mini da ma ɗaya idon Baba ma an ƙwaƙule shi. Ana gina sababbin ajujuwa a lokacin, bulo zube ko'ina. Na ɗauki ɓari guda na kwaɗa mata a baki. Ta faɗi, na hau ruwan cikinta ina ta bugu, jini ya wanke mata riga, haƙoranta biyu suka zube a ƙasa, sai da malami ya ɗaga ni sama. Bulalar hedimasta ba ta tsorata ni ba kamar daɗin da na ji a lokacin da nake bugun. A hanyar gida na ji mata suna cewa, "A jininsu yake." Na yarda da su.

Da yamma Inna ta ja ni har gidan su Sahura, muka durƙusa gaban mahaifiyarta. Na runtse ido ina jiran duka. Matar ta ɗaga rigata ta baya, ta ga sawun tsumagiya sabo da tsoho, ta juya ta dubi 'yarta har Sahura ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce mini, "Na Sani kwana ne ya ƙare, ubanki bai nufa ba, kuma ke ba ki cikin motar. Wannan kuwa da hannunki kika yi." Ta miƙo mini rigar Sahura da sabulu. Na zauna bakin rijiyarsu ina cuɗawa ina kuka, Sahura na zuba mini ruwa da guga, bakinta a kumbure, har ruwan ya daina fita ja.

Baba ya fito daga gidan yari ya koma noma a Utai, bai sake riƙe sitiyari ba har ya rasu. Su Maman Rahila sun daɗe da tashi, kuma yanzu da wuya ka sami gida irin namu, inda mata biyu masu addini daban za su saɓa a kan asalin zunubi hannuwansu na kan ciwo ɗaya. Ina haɗuwa da Sahura a biki ko suna, mu gaisa mu tambayi jikoki, in ta yi dariya in ga giɓin nan in kawar da kai. Abin da na gada ban san shi ba har yau, amma wanda na aikata na san shi.